Goodreads da Labaran Matsafiya Mai Binciken Kisa: Taurari Na Ruɗi, Sharhi Na Shiryarwa

Duk wanda ya buɗe Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke ba littattafai maki da sharhi, yana neman littafin matsafiya mai binciken kisa zai ci karo da abu ɗaya tun kafin ya karanta sharhin kowa: yawancin littattafan suna rataye ne kusa da tauraro huɗu cikin biyar. Mai kyau huɗu, mai dama-dama huɗu, wanda aka rubuta a gurguje shi ma huɗu da 'yar ɗoriya. Lambar da ido ke fara sauka a kanta ita ce mafi ƙarancin amfani a wannan fanni. Duk da haka da wuya a sami wurin da ya tara ra'ayin masu karanta irin waɗannan littattafai kamar nan, kuma wanda ya san inda zai tona zai fita da abin da ya zo nema cikin minti goma.

Ga wanda bai saba da su ba, waɗannan littattafai reshe ne na labaran bincike masu sanyi, waɗanda ake kira kozi a kasuwar littattafan Turanci. Ba a nuna zubar da jini, ba batsa, ba ashar, mai binciken ba ma'aikaciyar tsaro ba ce, kuma garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Asalinsu yana komawa ga irin su Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar da ke warware kisa daga ƙauyenta a Ingila. Abin da aka ƙara shi ne sihiri. Jarumar matsafiya ce, amma ba muguwa ba. Sau da yawa mace ce da ta dawo garinsu bayan mutuwar aure ko rasa aiki, ta gaji shagon kakarta, sai ta gano ba shagon kaɗai ta gada ba. Akwai kyanwa mai magana, akwai gwaggo mai taurin kai, akwai ɗan sandan da ke hana ta tsoma baki a bincike alhali yana sonta. Kafin a yi nisa an tsinci gawa. Littafin bai cika wuce shafi 200 zuwa 300 ba, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: jeri ne, wani ya kai littafi goma, wani ya haura ashirin. Garuruwan galibi na Amurka ne ko Ingila, wasu ƙirƙirarru, wasu kuma suna jingina da sunan Salem ta jihar Massachusetts, inda aka rataye mutum 19 a 1692 bisa zargin maita.

Shi kuwa Goodreads, Otis Chandler da Elizabeth Khuri ne suka buɗe shi a 2007, Amazon ya saye shi a 2013. Kyauta ne. Kana buɗe asusu, ka jera littattafai a kantoci daban-daban, wanda ka karanta, wanda kake karantawa, wanda kake son karantawa, ka ba da tauraro ɗaya zuwa biyar, in ka ga dama ka rubuta sharhi. Babu rabin tauraro. Wannan rashin ƙarami ne a ido amma yana ciwo a nan, domin littattafan matsafiya da yawa na uku da rabi ne zalla, kuma mai karatun da ya ji daɗin kyanwar sai ya tura zuwa huɗu.

Abin da ya raba kan masu karatu

A 1929 Ronald Knox, limamin Katolika ɗan Ingila wanda kuma yake rubuta labaran bincike, ya jera dokoki goma na wannan sana'a. Ta biyu ta kore duk wani abu na gaibu daga cikin labari. Dalilinsa a bayyane yake: labarin bincike wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu, kuma wasa ba ya yin daɗi sai an ba kowa alamun da aka ba mai binciken. Littafin matsafiya ya taka wannan doka tun daga bangonsa. Kusan duk wata jayayya mai nauyi da za ka tarar a sharhin Goodreads kan wannan fanni daga nan ta samo tushe, ko da masu rubuta ta ba su taɓa jin sunan Knox ba.

A ɗauki misali. An tsinci mai gidan hayar jarumar a mace bayan shagonta, kuma ita tana ganin fatalwa. Tambayar da kowane mai karatu mai lura zai yi ita ce, me ya hana fatalwar faɗin wanda ya kashe ta tun a shafi na talatin? Marubuciyar da ta san aikinta tana toshe wannan ƙofa da wuri. Ko dai mamacin ba ya tuna sa'arsa ta ƙarshe, ko ta baya aka buge shi bai ga kowa ba, ko kuma ya gani amma yana da wanda yake karewa. Sihirin gano gaskiya ma ana ɗaure shi da sharaɗi: ba ya nuna fuska, sai dai ƙamshin turare ko launin riga, yana kwantar da mai yinsa kwana biyu, kuma duk abin da ya nuna ba ya shiga kotu, dole ta nemo rasit, ko makulli, ko ƙaryar da wani ya yi game da inda yake a daren. In aka yi haka, sihirin ya zama ƙarin alama a hannun mai karatu, wasan bai ɓaci ba. Littafin da ya gaza shi ne wanda za a wahala babi goma sha tara ana bin mutum huɗu da zargi, a babi na ashirin jarumar ta buɗe kundin kakarta ta ci karo da wani tsafin da ba a taɓa ambata ba, ya nuna mata makashin. Wanda ya ɓata dare yana haɗa alamu yana da haƙƙin jin an cuce shi.

Akwai kuma ƙorafin da ke can ɗaya gefen, kuma yawansa bai gaza na farko ba: sihirin ado ne kawai. Cokali yana juya shayi da kansa, tsintsiya tana shara, kyanwa tana tsiwa, amma da za a cire duk wannan labarin ba zai girgiza ba. Wanda ya sayi littafin don kalmar matsafiya da ke bango sai ya ji an sayar masa da kwali.

Rukuni na uku bai damu da ko ɗaya ba. Su garin suka zo ziyarta, da shagon, da faɗan 'yan uwa, da jiran ranar da ɗan sandan zai furta abin da ke ransa. Ko sun gane makashin tun a rabin littafi ba ya rage musu komai. Waɗannan su ne masu ba da biyar, kuma ba ƙarya suke yi ba. Mutumin da ya dawo gida a gajiye yana neman labarin da ba zai hana shi barci ba ya sami abin da ya biya. Matsalar ita ce Goodreads yana zuba rukunin nan uku a tukunya ɗaya ya fitar da lamba guda, alhali abin da kowanne ke aunawa daban ne. A nan shafin ya gaza, kuma a nan ne sharhin da mutane ke rubutawa da hannunsu ya cece shi.

Sharhin tauraro biyar a wannan fanni gajere ne galibi: na so shi, kyanwar ta ba ni dariya, ina jiran na gaba. Sharhin ɗaya kuma sau da yawa na wanda ya shigo gidan da ba nasa ba ne, ya zo neman tsoro ko faɗa ya tarar da kek da hira. Naman yana cikin biyu da uku. Nan ne za ka sami wadda ta karanta ɗaruruwan irinsu tana bayyana cewa an gabatar da makashin sau ɗaya tak a farko aka ɓoye shi har ƙarshe, ko cewa jarumar ta shiga gidan wanda take zargi ita kaɗai da dare ba ta gaya wa kowa ba, ko cewa dokokin sihirin littafi na biyu sun saɓa wa na farko. Yana da kyau a sani cewa a ma'aunin da shafin ya daɗe yana amfani da shi, tauraro uku na nufin littafin ya yi wa mutum, biyu kuma na nufin ba laifi. Saboda haka mai ba da uku ba maƙiyin littafin ba ne. Shi ne shaidar da ta fi cancanta a saurara.

Me ke kumbura lambar

Abu na farko shi ne tacewar da jeri ke yi da kansa. Littafi na ɗaya kowa yana gwadawa, masu so da marasa so, shi ya sa makinsa ya fi ƙasa. Waɗanda bai yi musu ba sun sauka a nan. Na biyar da na goma sai masoya kaɗai, maki sai hawa yake yi yayin da yawan masu bayarwa ke raguwa. Wanda ya ga na tara ya fi na ɗaya maki ya ɗauka marubuciyar ta ƙware, wataƙila ta ƙware ɗin, amma lambar ba hujja ba ce. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne yadda jama'a suka zube tsakanin na ɗaya da na biyu. Shafin jerin yana nuna kowane littafi da yawan waɗanda suka ba shi maki. Idan na biyu ya riƙe kaso mai tsoka na masu karanta na farko, jerin yana da abin riƙe mutum. Idan suka watse, to a duba sharhin biyu da uku na littafin farko, dalilin yana can.

Abu na biyu, wanda ya haɗa asusunsa da Kindle, manhajar karatun littattafai ta Amazon, ana tambayarsa maki ne a daidai lokacin da ya kai shafi na ƙarshe, yana cikin daɗin an kama mai laifi. Wanda ya ajiye littafin a shafi na arba'in ba ya kaiwa wannan tambaya.

Na uku, kwafin kyauta. Kafin littafi ya fito ana raba shi ga masu sharhi, ta NetGalley, shafin da ake raba irin waɗannan kwafi, ko ta jerin masoyan da marubuciyar ta tara da kanta, kuma Goodreads yana barin a ba da maki tun kafin ranar fitowa. Masu gaskiya suna rubutawa a sharhinsu cewa kyauta aka ba su. Ba laifi ba ne, amma sabon littafin da duk sharhinsa na farko daga wannan hanya suka zo makinsa na gida ne. A ba shi wata biyu ko uku.

Sai haɗa bugu. Sharhin littafin takarda, na waya, da na saurare duk suna taruwa wuri ɗaya. Wannan fanni yana da masu saurare da yawa, kuma muryar da aka ba kyanwar ko gwaggon tana iya ɗaga littafi ko ta kayar da shi. Sai ka ga an ba da biyu, ka karanta ka tarar ba labarin ake zagi ba, muryar mai karantawa ce. Ga mai niyyar saurare wannan bayani ne mai daraja. Ga mai karanta rubutu kuwa bai shafe shi ba.

Yadda ake tona abin amfani

A fara da shafin jerin, ba shafin littafi ba, a tabbatar wanne ne na ɗaya. Masu aikin sa kai ne ke gyara bayanan littattafai a shafin, kuma a jerin da ake fitarwa da sauri ana samun kuskure. Gajerun labarai na tsakani ana ba su lamba kamar 0.5 ko 2.5. Mai lamba 0.5 yawanci an rubuta shi ne bayan na ɗaya don jawo sababbin masu karatu, kuma wani lokaci yana tona abin da na ɗaya ke ɓoyewa. Kundin da ya haɗa littafi uku ko biyar kuma yana da nasa shafin daban da nasa makin.

Daga nan a shiga littafi na ɗaya, a sauka zuwa sharhi, a taɓa layin tauraro uku don a tace. A karanta biyar ko shida. A koma layin tauraro biyu a yi haka. Idan ƙorafi ɗaya ya fito daga bakin mutum uku da ba su san juna ba, a ɗauke shi da gaske. Sannan a canza tsarin jerawa zuwa sababbi, domin wanda shafin ke fara nunawa shi ne wanda ya fi samun yabo, kuma sau da yawa na farko-farko ne.

Akwai akwatin neman kalma a cikin sharhi, kuma shi ne kayan aiki mafi kaifi a shafin duka. Tunda littattafan da sharhin da Turanci suke, da kalmominsu ake nema. DNF ita ce alamar wanda bai gama ba, kuma irin waɗannan suna yawan faɗin shafin da suka tsaya da dalili. Predictable tana fito da waɗanda suka gane makashin da wuri. Triangle tana nuna ko an saka jarumar tsakanin maza biyu, abin da ke korar masu karatu da yawa idan aka ja shi littafi bayan littafi ba a yanke ba. Cliffhanger ita ce mafi muhimmanci, domin alƙawarin wannan fanni shi ne a warware kisan kafin a rufe littafi. Ana yafe wa marubuciya ta bar sirrin dangin jarumar a buɗe zuwa na gaba. Ba a yafe mata ta bar gawar ba tare da makashi ba.

Wannan ƙorafi yana da alaƙa da yadda ake biyan marubuta. Da yawa daga cikin littattafan matsafiya masu wallafa kansu ne ke fitar da su ta Kindle Unlimited, tsarin aron littattafai na biyan kuɗin wata-wata, wanda Amazon ya buɗe a 2014. A 2023 kuɗinsa ya koma dala 11.99 a wata a Amurka, kuma ana iya riƙe littafi 20 a lokaci guda. Tun daga 2015 ana biyan marubuci ne bisa yawan shafukan da aka karanta, bayan ya amince ba zai sayar da bugun na'ura a wani wuri ba na tsawon kwana 90. Saboda haka ribar tana cikin dogon jeri da ƙarshen da ke tura mutum zuwa na gaba. Wasu suna yin haka da gwaninta, wasu suna yanke labari ɗaya gida uku. Mai karatun da bai biya kuɗin littafin shi kaɗai ba ya fi saurin yafiya, wannan ma yana daga cikin abin da ke riƙe makin a sama. Littattafan manyan kamfanoni irin su Berkley da Kensington, da ake biyan kowanne daban, sharhinsu kan fi tsauri kan ko kuɗi ya biya.

Inda shafin ke cutarwa

Tona asiri. A labarin bincike sunan makashi shi ne jarin littafin gaba ɗaya. Goodreads ya ba da hanya biyu: a ɓoye sharhin duka, ko a rufe wani sashe sai wanda ya taɓa ya gani. Amma mai rubutawa ne ke zaɓa, babu mai tilasta masa. Kuma ba sai an faɗi suna ake tonawa ba. Wanda ya rubuta cewa bai taɓa zaton mutumin kirki irin wannan zai aikata ba, a littafin da mutumin kirki ɗaya ne a cikin waɗanda ake zargi, ya gama magana. Mafi muni shi ne bayanin bangon littattafan gaba. Wanda ya leƙa na huɗu don ya ga ko jerin ya ci gaba da kyau zai ga sunayen waɗanda har yanzu suke yawo a gari, ya san ba su ne suka yi kisan farko ba, ya kuma san wanda jarumar ta zaɓa. A shafin jeri a kalli lambobi kawai, kada a karanta rubutun da ke ƙasansu.

Rabon fanni ma yana da rauni, domin daga kantocin da masu karatu suka ƙirƙira ake ciro shi. Kalmar matsafiya ɗaya ce, amma a ƙarƙashinta akwai kozi mai sanyi, akwai labarin birni mai faɗa da jini, akwai soyayya mai buɗaɗɗen ɗaki. Bango yana taimakawa: zanen barkwanci, kyanwa, da suna mai wasa da kalmomi alamar kozi ne, mace da makami cikin duhu alamar wani abu ne daban. Amma bango ba ya rantsuwa, kuma shafin ba shi da wani tsayayyen wuri na gargaɗi kan abin da ke ciki. A wannan gaɓa StoryGraph, wani shafi irin Goodreads wanda Nadia Odunayo ta kafa a 2019, ya sha gabansa da nisa. Yana karɓar rubu'in tauraro, yana tambayar mai karatu yanayin littafin da saurin tafiyarsa da ko labari ne ke jansa ko mutane, yana kuma tara gargaɗi kan abubuwa kamar mutuwar dabba, wadda masu son kozi da yawa ba sa jurewa ko da sun jure gawar mutum. Rauninsa shi ne ƙarancin jama'a: ƙaramin jerin da ke da tarin sharhi a Goodreads zai iya samun 'yan ƙalilan a can.

Jerin zaɓaɓɓun littattafai da masu amfani ke jefa wa ƙuri'a suna da amfani wajen gano sunaye, ba wajen auna inganci ba, tsofaffin da suka riga suka yi suna ne ke zaune a sama. Shawarar da shafin ke bayarwa da kansa kuwa ba ta bambance matsafiyar shagon shayi da mafarauciyar aljanu.

Abin da ya fi duk waɗannan aiki shi ne bin mutum. Idan ka tarar da mai sharhin da ya ba da uku a littafin da kai ma ka ba uku, kuma saboda dalili iri ɗaya, ka shiga shafinsa. Akwai wurin kwatanta littattafanku, yana jera waɗanda kuka karanta tare da makin kowa gefe da gefe. Mutum uku ko huɗu irin wannan sun fi matsakaicin makin dubban baƙi, domin da zarar ka bi su sharhinsu ne ke fara fitowa a saman kowane littafin da ka buɗe. Wanda kuma yake son gargaɗin StoryGraph ba sai ya bar Goodreads ba: ta shafin intanet na Goodreads, a sashen littattafansa, ana fitar da duk kantocin a fayil ɗaya, a loda shi a can, a riƙa duba gargaɗi a ɗaya, ana karanta sharhin tauraro uku a ɗayan.